Kan Keken Inna

Tun da Auta ta shiga ajin koyon Turanci, shagon ɗinkin Yaya ya samu abin dariya kyauta. Makon nan darasinsu a kan kalmomin fara abu ne da na kama hanya, ita kuwa baiwar Allah tana taka keke tana maimaita su ƙasa-ƙasa, don kada malama ta tambaye ta ta ji kunya.

"Ku ji ta fa," in ji Yaya, yana yanka yadi. "Ta iya cewa za ta tafi da Turanci kala-kala, amma ko bakin ƙofar nan ba ta ƙetarewa sai na aike ta."

Mai guga ya ƙyalƙyale da dariya har ya kusa ƙona rigar mutane.

Maganar ta yi mata ciwo, domin gaskiya ce. Shekara da shekaru tana cewa za ta buɗe nata wurin, kullum Yaya sai ya ce ta bari aiki ya lafa. Keken da take takawa na Inna ne, kuma kafin Inna ta rasu a gaban kowa ta ce na Auta ne. Yaya bai musa ba. Shi dai kawai ya sa an ɗaure kan keken da noti a jikin dogon teburin shagon, wai don kada ya riƙa rawa. Rawa! Keken da bai taɓa rawa ba a ɗakin Inna.

Auta ta tsayar da ƙafa. Ta cire zare, ta zame bel, ta miƙa hannu.

"Yaya, ba ni sukudireba."

"Ta ɓata."

Ga ta can a aljihunsa, kanta a waje. Auta ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauko tsohon almakashi, ta durƙusa ƙarƙashin tebur ta shiga fama da noti. Tsatsa ta ci su, hannunta ya goce ta yanke, ta tsotse jinin ta ci gaba har suka kwance.

"Ke, ina za ki kai shi?" in ji Yaya. "Wa ya ba ki shago?"

"Barandar ƙawata ta ishe ni."

"Baranda! To wallahi in kika fita da keken nan, ki nemi wani yayan."

Tana son yayanta, duk da halinsa. Amma ta naɗe ƙyalle ta yi gammo, ta jawo kan keken zuwa bakin tebur.

"Yaya, ɗora min."

Ya harɗe hannu ya kau da kai. Mai guga ya ga maigida bai motsa ba, shi ma ya sunkuyar da kai.

Ta tsuguna, ta ciji leɓe, ta cicciɓe shi ita kaɗai. Man keken na zuba mata a wuya. Tana kai bakin ƙofa gammon ya goce, keken ya karkace zai sulluɓe. Kafin Yaya ya san abin da yake yi, hannunsa ya riga ya tare, ya gyara mata shi daidai a tsakiyar kai.

Ya tsaya yana kallon hannun nasa da haushi. Ita kuwa ba ta ce masa na gode ba, ta fita titi.