Rabin Inci a Ƙashin Mota

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina fesa wa motoci fenti a garejin Gagne da ke bakin kogi a Lewiston. Da marigayi Roland Gagne na fara aiki, kuma da ya rasu, 'yarsa Lorraine ta ɗauki gudumarsa ta ci gaba daga inda ya tsaya. Ita ce fanel-bita, ni ne mai fenti. Tun tana 'yar shekara tara take kirana Kawu Armand, ko da yake ba mu haɗa jini ba, kuma har yau da furfura ta cika mata kai ba ta sauya ba.

Mahaifinta ya bar mana al'ada guda wadda ba mu taɓa karyawa ba: ba a miƙa wa mutum makullin motarsa sai an rufe kowace ƙofa da ɗan yatsa ɗaya. Idan ƙofa ta nemi a banke ta, to aiki bai ƙare ba, ko da fenti na ƙyalli kamar madubi.

A bangon waje akwai wani shuɗin allo na kamfanin inshora, mai shaida cewa garejinmu yana cikin waɗanda kamfanin ya amince da su. Kashi biyu cikin uku na motocin da muke gyarawa ta wannan allo suke shigowa. A da, idan mota ta yi hatsari, kamfanin kan turo mana Dwight Haskell, mai ƙiyasta ɓarna. Yakan zo da tocila da biro a bayan kunne, ya shiga ƙarƙashin mota, ya fito ya yi musu da Lorraine, ya cinye mana donat, sannan ya sa hannu. Shekara biyu da suka wuce kamfanin ya kawo na'ura mai ƙirƙirarriyar basira. Ana ɗaukar hoto takwas da waya, a tura, kafin kofi ya huce ta faɗi abin da ya lalace da kwanakin da gyara zai ci. Mu muka raɗa mata suna Ɗan Duba. Shi kuwa Dwight aka mayar da shi gida, yana zaune gaban kwamfuta yana danna amincewa.

Ba zan yi wa Ɗan Duba ƙazafi ba. Sau tara cikin goma yakan faɗi daidai, kuma ba ya cin donat. Amma ya zo da doka: garejin da ya ƙaryata shi sau uku cikin shekara guda, za a cire sunansa daga jerin. Kafin watan Fabrairu, Lorraine ta riga ta ƙaryata shi sau biyu.

Ranar wata Talata da safe janwe ya kawo mana motar Marcelline Dube, ma'aikaciyar jinya mai zagaya gidajen tsofaffi a ƙauyukan bayan gari. Santsin ƙanƙara ne ya kwashe ta, ta daki turken hanya da kusurwar gaba ta hagu. Lorraine ta ɗauki hotunan nan takwas ta tura. Ɗan Duba ya ce bamba ce da fitila da gefen gaba, aikin kwana biyu.

"Kai, na gode wa Allah," in ji Marcelline. "Ashe da sauƙi."

Lorraine ta nufi motar. Ta buɗe ƙofar direba, ta tura ta da yatsa. Ƙofar ta goga, ta tsaya. Ta sake gwadawa, haka.

"Kawu, kawo tef."

Muka ɗaga motar, muka shiga ƙarƙashinta. Ta gwada ƙashin motar, wato ƙarfen da ke ɗauke da ita baki ɗaya, kamar yadda magini ke gwada ɗaki: daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan daga ta gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama. Idan mota tana lafiya, awon biyu ɗaya suke fitowa. Ni na riƙe kan tef, ita ta karanta. Na biyun ya gaza na farkon da rabin inci.

"Rabin inci?" Marcelline ta ce da muka fito. "A kan rabin inci kuke ɓata fuska haka kamar an yi muku rasuwa?"

"'Yar'uwa, ƙashin ya lanƙwashe," in ji Lorraine. "In na rufe shi da sabuwar bamba, motar za ta yi kyau a hoto. Amma za ta riƙa jan ki gefe guda a kan ƙanƙara. Kuma ƙarfen da ya lanƙwashe sau ɗaya ba ya tare bugu na biyu. Gwiwarki ce za ta tare shi."

Ta rubuta awon ta tura wa Ɗan Duba. Ya gode mata da bayani mai amfani, ya ce hotuna ba su nuna wata ɓarna a ƙashi ba. Ta ɗauki hoton tef ɗin ta tura. Ya sake gode mata, ya ce wannan hoto ba ya cikin takwas ɗin da ake buƙata. A ƙasa ya tambaye ta ko tana so ta ƙalubalanci hukuncin, ya kuma tuna mata cikin ladabi cewa wannan ne zai zama na uku.

Marcelline ta ja kujera ta zauna. "Lorraine, ki saurare ni. Ina da tsoho a Greene da ba ya cin abinci sai ni na ba shi. Ina da wata da nake wanke wa gyambo kullum. Ki yi abin da na'urar ta ce, ki ba ni motata Alhamis. In wani abu ya faru, ni na ce a yi."

"Motarki ce, kina iya kai ta inda kika ga dama. Akwai gareji uku a kan titin nan da za su liƙa miki bamba kafin gobe. Amma ba da hannuna ba." Ta ciro wani makulli daga ƙusa ta jefa mata. "Ga akori-kurar gareji. Hitar ɗumama cikinta ba ta aiki, ki sa safa biyu."

"Wannan akwalar da ta girme ni?"

"Ta girme ki, amma ƙashinta a miƙe yake."

Da Marcelline ta tafi tana gunaguni, na rufe ƙofar ofis. Ni tsoho ne, na ga masaƙun garin nan suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, na san yadda gini yake zama idan aiki ya bar shi.

Na ce, "'Yar nan, akwai wata hanya. Ki amsa wa Ɗan Duba da to. Mu miƙe ƙashin a tsakaninmu, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Mu ɗauki asarar. Ita ta sami lafiyayyar mota, mu kuma allonmu yana nan."

"Na yi wannan tunanin, Kawu. Sau huɗu na yi haka bara, kai ma shaida ne."

"To, ki yi na biyar."

"Ka san abin da yake yi da shirunmu? Duk motar da aka karɓi hukuncinsa ba musu, rubutawa yake yi cewa ya canka daidai. Da wannan yake koyo. Sau huɗu na koya masa cewa irin wannan bugu ba ya taɓa ƙashi. Yanzu haka yana can yana faɗa wa gareji dubu abin da ni na koya masa, kuma ba kowa ke rufe ƙofa da yatsa ba." Ta jawo wayar gabanta. "Na gaji da rufa wa maƙaryaci asiri da gudumata."

"Ba ƙarya yake yi ba. Bai gani ba ne."

"To, yau sai an gani."

Ta danna wurin ƙalubalantar hukuncin. Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Duk ƙorafin da ya fito daga yankinmu gaban Dwight yake zuwa, kuma mun san yadda zai ƙare. Ɗari biyu yake dubawa a yini, kowanne ba ya cin minti biyu. Saboda haka washegari da hantsi Lorraine ta ɗora motar a kan janwe, ta ce in hau. Muka nufi Sabattus, inda gidansa yake. Ta yi baya da janwen har cikin farfajiyarsa, ta sauke motar daidai bakin rumfar da yake ajiye tasa, yadda ko keke ba zai fita ba.

Dwight ya fito da silifa da rigar sanyi, gilashi a goshi.

"Lorraine Gagne! Kin haukace ne? Mene ne wannan?"

"Aikinka ne na kawo maka gida, tunda ka daina zuwa wurinsa. Ina kwana, Dwight. Ka yi ƙiba."

"Armand, kai ma da girmanka ka biye mata?"

"Ni tef aka ce in riƙe," na ce.

Ya sauko, ya rage murya. "Ki ji, saura mini wata goma sha huɗu in yi ritaya. Duk ranar da na saɓa wa na'urar nan, sai an kira ni an tambaye ni dalili. Mu goma sha biyu ne a da, yanzu mu biyu muka rage, kuma ɗayan yaro ne da bai taɓa shan ƙurar ƙarƙashin mota ba. Kina so su ce ni ma ba a buƙatata?"

"In danna to kawai kake yi, ai da gaskiyarsu. Kaza ma za ta iya, in an zuba mata tsaba a kan madannin."

"Allah ya shirya bakin nan naki. Na ubanki ne sak."

"Ban ce ka saɓa wa kowa ba. Shiga ka karanta lamba biyu. In sun zo ɗaya, zan kwashe motar, in ba ka haƙuri a gaban matarka. In ba ka shiga ba, nan za ta kwana har ƙanƙara ta narke."

Taga ta buɗe, matarsa Bernice ta leƙo. "Dwight, ka shiga mana! Ina da ganin likita ƙarfe ɗaya!" Sai ga wani faffaɗan kwali ta jefo masa.

Muka sa jak muka ɗaga motar, muka tokare ta. Dwight ya shimfiɗa kwalin a kan dusar ƙanƙara, ya durƙusa yana nishi yana tsine wa gwiwoyinsa, ya shige. Na ba shi tocila. Ya gwada kusurwa ta farko, ya gwada ta biyu. Ya ce in sake riƙewa, ya sake gwadawa. Daga nan na ga ya ajiye tef, ya cire safar hannu, yana shafa ƙarfen da tafinsa a hankali, kamar yadda yake yi shekaru ashirin da suka wuce.

"Ga shi nan," ya ce daga ƙasa. "Bayan maƙalin injin. Ya tattare kamar fatar wuya." Ya juyo da tocilar wajenmu. "Wa ke tuƙa ta?"

"Marcelline Dube. Ita ta yi jinyar mahaifiyarka."

Ya fito, ya kakkaɓe rigarsa, bai dubi kowa ba. Ya shiga gida. Bayan minti goma wayar Lorraine ta yi ƙara: an amince a sauya ƙarfen, aikin kwana tara. Ya leƙo ta ƙofa.

"Kin dai san wannan ba zai cece ki ba? Na'urar ba ta lissafa wanda ya yi gaskiya. Sau nawa aka yi musu kawai take ƙirgawa."

"Na sani."

"To, kwashe min wannan tarkacen daga ƙofa. Kuma in kin sake zuwa, ki zo da donat."

Ranar Litinin saƙo ya iso. Ɗan Duba ya gode mana da shekaru goma sha tara na haɗin gwiwa, ya sanar da mu cewa an cire sunan garejin daga jerin, ya kuma tambaya ko muna so mu bayyana gamsuwarmu da tauraro ɗaya zuwa biyar. Lorraine ta karanta a tsaye. Ta ɗauki sukurdireba da tsani ta fita cikin sanyi, ta kwance shuɗin allon da kanta. A ƙarƙashinsa sai ga tsohon jan fentin bangon, da rabin sunan mahaifinta wanda allon ya rufe tun ranar da aka kafa shi.

"Kana da sauran irin wannan jan, Kawu?"

"Zan haɗa."

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Yanzu ba ma buɗewa ranar Juma'a, kuma akwai makon da mota biyu kawai ke shigowa. Dwight ya sami takardar gargaɗi, ya manna ta a jikin firij. Ko Ɗan Duba ya koyi wani abu daga awon nan, babu wanda ya faɗa mana.

Ranar da kwana tara suka cika, Marcelline ta dawo da akori-kurar, hancinta ja wur, ta ajiye makullin a kan tebur da ƙarfi.

"Safa uku na sa, kuma har yanzu ba na jin yatsun ƙafata. Ina motata?"

Motar tana tsakiyar gareji, fentina ya bushe. Marcelline ta miƙo hannu, amma Lorraine ta riƙe makullin a bayanta.

"Tukuna. Buɗe ƙofar direba. Yawwa. Yanzu rufe ta. A'a, ba da hannu ba, da yatsa ɗaya."

Marcelline ta harare ta, ta ɗora ɗan yatsa a jikin ƙofar, ta tura. Ƙofar ta tafi sumul, ta kama da 'yar ƙara guda.

Lorraine ta miƙa mata makullin.