Kaset ɗin Ginin Gidan Kawu

Shekara talatin Kawu yana cika wa dangi kunne cewa da hannunsa ya gina gidansa. Da ya tsinci kaset ɗin bidiyon ginin a ƙasan akwati, sai ya kai wa Auta, 'yar ƙanwarsa mai gyaran kwamfuta, ta juye masa a waya kowa ya gani.

Auta ta jona tsohuwar kyamara da kwamfuta, ta zauna tana kallo. Awa biyu cur, marigayiya matar Kawu ce ke jidar ruwa da yashi tare da magina. Kawu sau uku ya fito: yana zaune a inuwa, yana nuni da sanda, yana barci baki buɗe.

Da ya zo karɓa ta kunna masa. Ya kalla har ƙarshe, ya gyara hula.

"Auta, ba a iya yanke wani wuri?"

"Ana iyawa, Kawu. Amma in na cire inda kake hutawa, babu kai a bidiyon."

Ya ce kaset ɗin ya lalace, a bar zancen. Ita kuwa tun da safe ta tura wa 'ya'yansa, su ga mahaifiyarsu.