Ɗanlami Mai Rage Hanya

Duk wanda ya san inda ake lodin hatsi a Gusau a 'yan shekarun nan ya san Ɗanlami. Ɗan Furfuri ne, ubansa manomi. Tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya zama yaron mota, ya sha wankin mota da ɗaurin kaya, har Allah ya hore masa tasa a-kori-kura, tsohuwa, shuɗiya, mai tari kafin ta tashi. Ranar kasuwar Tsafe yakan ɗauko masara da waken suya ya kawo Gusau, sauran ranaku ya yi jigila zuwa Bungudu da ƙauyukan da ke gefenta.

Mutum ne mai sanyin magana. Ba a taɓa jin cacar bakinsa da 'yan kamasho ba. Yana da mata ɗaya, Jamila, da 'ya'ya uku, da tantabaru a bayan ɗaki. In ya dawo da yamma yakan zauna a tabarma da autarsa a cinya, yana watsa wa tantabarun gero. Jamila ta sha gaya wa maƙwabta ita dai ta yi dacen miji, kuma gwargwadon abin da ta sani ba ƙarya ta yi ba.

A bayan rumfunan hatsin akwai wani fili inda mata ke aikatau. Su ke shiƙa, su ke tsince tsakuwa daga wake, su ke share abin da ya zube daga buhuna. Yawancinsu zawarawa ne da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu. Suna kwana a wani kangon gida da mai shi bai ƙarasa ba. Babbarsu ita ce Dije, doguwar tsohuwa mai goro a baki, wadda ke raba aiki kuma take raba faɗa. Rayuwarsu ba ta da yalwa, amma ba ta rasa daɗi ba. Tukunya ɗaya suke ɗorawa. In aiki ya yi sauƙi sukan yi wa juna kitso a inuwar dalbejiya, wata ta ɗauko waƙar daka, sauran su amsa, har 'yan dako su tsaya suna dariya.

Matan nan kowa ya san zuwa suke yi su tafi. Wata ta ji an ce ƙauyensu ya lafa ta koma, wata ta sami miji, wata ta wuce Funtuwa wurin dangi. Ɗanlami ya lura da wannan kafin kowa.

Shi ne direban da ba ya wuce mace a hanya. In ya ga tsohuwa da kaya a ka, sai ya taka birki ya ce, "Inna, shigo in rage miki hanya." Ba ya karɓar ko sisi. Da haka sunan ya bi shi.

Ta farko da Dije ta rasa ita ce Indo, 'yar gajeruwa mai yawan dariya, wadda aka kashe mijinta a gona. Da kaka Ɗanlami ya ce mata yana da gona wajen Rawayya, yana neman mai roron wake. Bai faɗa a gaban kowa ba. Ya tare ta ne a hanyar famfo, ya ce kada ta gaya wa sauran, don aikin na mutum ɗaya ne, kada su ji haushi. Indo ta ce wa Dije za ta je ta dawo, ta ɗauki gyalenta ta fita. Ba ta dawo ba.

Da damina ta zagayo aka nemi Ummulkhairi, wata kurma da ke wanke-wanke wurin masu abinci, aka rasa. A Tsafe akwai wata mai taɓin hankali da ke zama bakin kasuwa tana gaida kowa da sunan ɗanta. Ita ma aka wayi gari babu ita. Mutane suka ce ai ɓarayin daji ne, abin da ake cewa kenan a kan kowane rashi. Dije ta je ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Aka tambaye ta sunan mahaifin Indo da na wani ɗan'uwanta da za a nema. Ba ta sani ba. Ta dawo ta zauna ta ci gaba da shiƙa, amma kullum da asuba in ta idar da salla sai ta ambaci sunayensu.

Shi kuwa Ɗanlami yana nan yadda yake. Ya yi wa ɗansa na fari kaciya, ya yanka rago da layya, ya sake wa motarsa taya. Wata rana ma har ya tsaya ya tambayi Dije ko an ji labarin Indo, ya ce Allah ya bayyana ta.

Inno Bafulatana ce mai tallan nono, daga wata ruga a yammacin Bungudu. Mijinta ya rasu, shanunsu sun tafi a hannun ɓarayi sai 'yan ƙalilan, amma a gari kallon 'yar'uwar ɓarayi ake mata. Direbobi da yawa ba sa tsaya mata. Ta saba da tafiyar ƙasa, da ƙwarya a ka, da shiru.

Wata ranar kaka, bayan azahar, ta sayar da nononta a Gusau ta kama hanya. Motar Ɗanlami ta tsaya a gabanta.

"Inna, ina zuwa cikin ranar nan?"

"Bungudu, Malam."

"Hanyata ce. Shigo."

Ta shiga ta ɗora ƙwaryarta a cinya. Ya yi mata hira mai daɗi. Ya tambaye ta kuɗin man shanu, ya ce matarsa na son na Fulani, wanda ba a haɗa da komai ba. Har Inno ta saki jiki ta yi dariya. Da suka yi nisa sai ya saki kwalta ya bi wani burtali.

"Wagga ba hanyar Bungudu ba ce," in ji ta.

"Buhu ɗaya zan sauke a gona, yanzu mu koma."

Gonar tana can ciki, dawa ta kewaye ta, ta fi mutum tsawo. Akwai 'yar bukka, da wata tsohuwar rijiya da aka rufe da kwano da duwatsu. Ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, ya ce ta kama masa bakin buhu. Ta sunkuya. A daidai lokacin gyalenta ya zame, ta kai hannu wuya za ta gyara, sai igiya ta faɗo ta bayanta ta shaƙe ta tare da yatsunta.

Inno ta girma tana kayar da maruƙa. Ba ta ja gaba ba, baya ta koma da dukan nauyinta, suka faɗi tare, ƙeyarta ta dake shi a hanci. Igiyar ta saki. Ta mirgina ta tashi, ta faɗa cikin dawa ba takalmi, ganye na yankan fuskarta. Ta so ta yi ihu, murya ta ƙi fita.

Ta ɓulla a wata gona inda wani dattijo, Malam Yahaya, ke yankan gero tare da ƙannensa da 'yan ƙodago. Suka ga Bafulatana ta fito daga dawa a guje, kowa ya ɗaga laujensa, don a wannan yankin abin da ke biyo bayan irin wannan gudu ba alheri ba ne. Ta zube a gabansu tana nuna baya. Ba a jima ba sai ga Ɗanlami, jini a rigarsa, yana haki.

"Ku riƙe ta!" ya ce. "'Yar leƙen asirin ɓarayi ce. Na taimake ta, ta ja ni cikin daji za ta miƙa ni."

Da yawansu sun san shi, ya sha ɗaukar musu kaya. Wani daga cikin samarin har ya matso kan Inno. Malam Yahaya ya ɗaga hannu. Ya durƙusa ya dubi wuyanta, ya dubi yatsunta da suka sale, sannan ya ɗago.

"Ɗanlami, in ita ta ja ka daji, wa ya sa mata igiya?"

"Kokawa munka yi."

"To. Ɓarayin suna ina?"

Ɗanlami ya shiga share jinin hancinsa. Malam Yahaya ya sa aka ba Inno ruwa a buta. Da ta iya magana, da wata irin murya kamar ana goga ƙarfe, ta ce, "Baba, ku tai ku ga wurin. Akwai rijiya."

"Mu tai gaba ɗaya," in ji dattijon. "Wanda ad da gaskiya ba ya tsoron tahiya."

Suka sa su biyun a tsakiya. Igiyar na nan a ƙasa kusa da ƙwaryar da ta fashe. Da aka ɗaga kwanon rijiyar, wanda ya fara leƙawa ya ja da baya yana salati. Ɗanlami ya nemi gindin bukka ya zauna, bai yi yunƙurin gudu ba. Samarin sun so su gama da shi a nan take, Malam Yahaya ya tsaya a gabansa har hukuma ta iso.

Bai wahalar da masu bincike ba. Ya faɗi inda ya ɗauki kowace, a Gusau da Tsafe da hanyar Bungudu, wasunsu ko sunansu bai sani ba. Aka tambaye shi ko tsafi ne, ko wani ne ya sa shi, ya ce a'a. Aka tambaye shi dalili, ya ce shi dai ya ga ba mai nemansu. Bai ƙara komai a kan haka ba, har ranar da kotu ta yanke masa hukuncin kisa.

Dije aka kira ta duba tufafin da aka fitar daga rijiyar. Ta gane zanen Indo, ta gane abin hannun Ummulkhairi. Ranar jana'iza 'yan kasuwar hatsi suka rufe rumfunansu, direbobi suka ajiye motoci, sahu ya yi tsawo har kan titi. Dije ta tsaya daga nesa tare da matanta, ta ce, "Yau dai an san da su." Jamila kuwa ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu a Nahuce. Ta daɗe ba ta fita ko ƙofar gida ba. Daga baya ta fara ƙuli-ƙuli, mutanen garin suka saya, ba wanda ya ɗora mata laifin da ba nata ba.

Inno ta yi jinya a gidan Malam Yahaya, don ya ce ba za ta koma ruga da wannan wuyan ba. Uwargidansa ta yi ta ba ta kunu da zuma har ta iya haɗiyar tuwo. Muryarta ba ta koma daidai ba, ta dushe ke nan. Da ta warke ta kawo musu man shanu cike da kwalba, suka ƙi karɓa, ta ajiye a zaure ta yi tafiyarta.

Dije ce ta aika a nemo mata ita. Ta ce tana so ta ga matar da idonta. Da Inno ta zo, tsohuwar ta kama hannunta ta daɗe tana dubawa, sannan ta matsa mata wuri a tabarma. Tun daga ranar nan Inno ta daina yawo da ƙwarya kwararo-kwararo. A nan take saukewa, kusa da masu shiƙa, a ƙarƙashin rumfar kwano da 'yan kasuwa suka haɗu suka kafa musu. 'Yan dako da direbobi suka zama masu sayenta, kafin la'asar ƙwarya ta ƙare. Matan suka yi wa kansu doka, ba mai zuwa aikin gona ita kaɗai, kuma ba mai fita sai ta faɗi wurin wa za ta.

Bara da rani Inno ta aurar da 'yarta Hassana. Matan kango suka yi gayya suka tafi rugar a mota ɗaya, da tukwanensu da muciyoyinsu. Fulanin suka tsaya suna kallon Hausawan birni suna tuƙa musu tuwo. Dije, wadda ba ta taɓa kusantar saniya ba, ta ce sai ta gwada tatsa. Saniyar ta juyo ta dube ta, ta yi mata atishawa a fuska, tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana kiran sunan Allah. Inno ta yi dariya da dusasshiyar muryarta har ta riƙe ciki, sannan ta ɗaga ta, ta karkaɗe mata zane, ta durƙusa ta nuna mata yadda ake kama hantsa.