Ranar da Orval Ya Tumɓuke Kori-Ɓera

Orval ya kama tushe na bakwai da hannu biyu, ya ja, saura kaɗan ya zauna a kan kabejinsa. Safar wanke-wanke ce a hannunsa, mai ruwan hoda, ga tabaran ninƙaya a ido, domin farin ruwan da ke fita daga karan shukar kori-ɓera ba ya wasa: ya taɓa fata ta yi bororo, ya shiga ido sai asibiti.

Matarsa Darlene tana baranda tana kurɓar kofi.

"Tsoho, tsaya haka in ɗauke ka hoto. Sak kwaɗo!"

"Yi dariyarki," in ji shi. "Nan da mako biyu ba za ki ga karas ko ɗaya a gidan nan ba."

Gaskiya ransa a ɓace yake. Duk unguwarsu ta bayan garin Salem ɓerayen ƙasa sun addabi kowa, su haƙo ta ƙarƙashi su cinye saiwa, mutum ya wayi gari ya tarar tumatirinsa ya kwanta. Lambun Orval kaɗai ya tsira shekara da shekaru, shi kuwa ya san dalili: kori-ɓeran da ya kewaye lambun da shi, irin da marigayiya mahaifiyarsa ta bari a cikin ambulan. A shagon aski ya yi wa'azin shukar nan, a bakin coci ya yi, har mutane suka fara sauya hanya idan sun hango shi.

Sai ga waya ranar Alhamis daga 'yarsu Corinne. Ɗiyarta Juniper ta fara tafiya, komai ta tsinta sai baki, 'ya'yan kori-ɓera kuwa koraye ne masu ban sha'awa, kuma guba ne.

"Baba, ko shukar nan ko jikarka," ta ce. "Asabar ƙarfe huɗu za mu iso. Na ga ganye ɗaya, ko daga mota ba zan fito da ita ba."

Yau ce Asabar ɗin, ƙarfe biyu kuma ta gota.

Da ya tumɓuke tushe na takwas sai ya ga wani ɗan turke a ɓoye inda ganye ya rufe, da wayar ƙarfe ɗaure tana shiga cikin ƙasa. Ya ja wayar a hankali. Tarko ne ya fito, na ƙarfe, a ɗane, an shafe shi da mai, babu ko ɗigon tsatsa.

Ya daɗe a tsugune. Da farko ya so ya mayar da shi ya rufe da ƙasa, ya yi kamar bai gani ba. Amma yarinya na zuwa, mai yatsu ƙanana da son tone-tone. Ya tura tabaran kan goshi, ya riƙo abin ta waya ya nufi baranda.

Darlene ta dubi tarkon, ta ajiye kofinta.

"Au," ta ce.

"Au? Shi ke nan, au? Guda nawa ne?"

"Shida. Biyu wajen karas, ɗaya bayan tankin ruwa..."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da ka shuka kori-ɓeran nan. Orval, ɓerayen nan a gindinsa suke hutawa. Da idona na ga ɗaya ya turo ƙasa ya binne maka tushe guda."

"Shekara goma sha ɗaya! Kina zaune ina raba wa mutane iri, ina cika baki gaban limamin coci?"

"Ai shi ma na ba shi aron tarko biyu."

Kunya ta kama Orval har kunnuwansa suka yi ja.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Darlene ta daina murmushi. "Wata uku bayan rasuwar Mama ba ka fita ko ƙofar gida ba. Ranar da irin nan ya tsiro ka fito da silifas kana ƙwala mini kira, ka dawo ka cinye ƙwai uku. To, ni ce zan ce maka ba ya aiki?"

Orval ya sauka daga baranda. Ya ɗauko bokiti, ita ta wuce gaba. Ko laluben wuri ba ta yi, nan ta duƙa ta zaro, can ta duƙa ta zaro, tana kwance kowane tarko da yatsa ɗaya, shi yana binta a baya da safarsa mai ruwan hoda. Sauran tushen tare suka tumɓuke su, suka tsince 'ya'yan da suka zube, suka ɗaure komai a buhu. Suna rufe rumbun kayan aiki suka ji ƙarar mota a bakin hanya.

Darlene ta kakkaɓe gwiwa za ta je ta tarye su, ya riƙo gefen rigarta.

"Ƙarfe nawa kike fitowa duba tarkunan?"

"Biyar na asuba. Kana ta minshari."

Ya cire safar ya rataye a ƙusa.

"Litinin, in sun tafi, ki tashe ni."