Allura Ta Shida

Shekara huɗu Nafisa ta yi a wata masana'anta a Malesiya tana saita allurai kan faifan silikon, a ɗakin da ko tari sai an fita waje. Yau ga ta a shagonta na gyaran waya a kasuwar Yelwa, bango ɗaya da injin markaɗen Basiru, wanda in ya tashi har haƙoran mutum sai sun kaɗa.

Wayar da ke gabanta ta Sa'idu ce, matuƙin kwalekwale daga Warra. Ruwa ya ci shi wata biyu da suka wuce, ba a ga gawa ba. Wayar kaɗai aka tsinta a cikin kwalekwalen, ta sha ruwa ta ƙoshi. Mahaifiyarsa Tabawa ta kawo ta ƙunshe a bakin zane.

"Muryatai nika so, ɗiyata. Ko kalma guda."

Ƙwaƙwalwar wayar ba ta mutu ba, amma sai an sauke allurai shida kan ɗigon tagulla shida kafin a kwashe abin da ke ciki. Tsatsa ta ci ɗigon, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Allura ta goce sau ɗaya, ta kankare ɗigon, shi ke nan an rufe babin Sa'idu.

Don haka Nafisa ta jira azahar. Ta san kasuwarta: in aka tada salla, minti goma duk wani inji yake yin shiru. Tata sallar ta biyo baya, Allah na gani.

Injin ya mutu. Ta duƙa kan madubin ƙara girma, ta murza ƙaramin sukurun da ke sauke alluran a hankali. Ta farko ta sauka. Ta biyu. Ta uku ta tsaya gefe kaɗan, ta ɗaga ta, ta gyara, ta ajiye. Gumi na bin haɓarta ba ta da hannun sharewa. Tsoro take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba a Malesiya, don can in ɗaya ya lalace akwai dubu a faifan.

Tana kan ta biyar ta ji liman ya sallame.

"Inna," ta ce wa Tabawa, wadda ke zaune a gefe, ba tare da ta ɗago ba, "in Basiru ya ja igiyar nan, mun rasa."

Sai ta ji ƙarar silifar Tabawa ta yi waje. Can ta jiyo Basiru yana magiya ta bayan bango.

"Haba Inna, ki tashi bisa injin, mutane na jira!"

"Su jira. Wata biyu ni ma nika jira."

Nafisa ta riƙe numfashi, ta sauke ta shida. Allurar ta zauna daram. Layin kwashe bayanai ya fara tafiya a kwamfuta, ita kuwa ko ƙafa ba ta motsa ba har ya cika.

Da Tabawa ta dawo, zanenta duk ƙullu, Nafisa ta buɗe saƙon murya na ƙarshe, wanda bai samu tafiya ba. Iska, ƙarar ruwa, sai muryar saurayi yana dariya.

"Inna, ki aje min tuwo, ga ni nan tahe."

Tabawa ta matso da fuskarta dab da sifikar.

"Na aje," ta ce. "Na aje maka, Sa'idu."