Ɗigo na Huɗu

A ɗakin wanka maganar ta fara, cikin watan Mayu, bayan gasa ta uku ta shekarar. An gama zagaye, 'yan wasa duk sun shiga ruwan zafi suna jiƙa ƙafafun da suka wuni suna hawan tudu. Pyo Tae-san yana can kusurwa, ruwa iya wuya, sai Eom Chun-bae ya matso kusa da shi. Shi Eom tsohon hannu ne, ya yi shekara ashirin a gasar golf ta ƙasa, kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Ƙanena, ka taimaka ka ara mini Baba na mako guda mana," in ji shi. "Ni in ƙwallona ta shiga daji sai dai in yi mata bankwana. Taka kuwa ko teku ta faɗa, Baba zai samo ta a bushe."

Aka yi dariya, shi ma Tae-san ya yi, don babba ne ya yi wasa. Amma ya lura mutum biyu ba su yi ba. Ɗaya ma ya tashi ya ɗauki tawul ɗinsa ya fita.

Baban da ake magana mahaifinsa ne, Pyo Gil-su, kuma shi ke ɗaukar masa jakar sanduna. Tun Tae-san yana ɗan shekara goma sha ɗaya tsohon ya rufe shagonsa na facin taya a garin Gunsan ya bi ɗansa fili fili. Shi kansa bai taɓa buga golf ba ko sau ɗaya. Abin da ya iya shi ne tuƙa tsohuwar motarsu, da wanke sanduna, da auna nisa. Kullum da safe zai zauna a bakin gado da jan alƙalami ya yi wa kowace ƙwallo ɗigo uku a jere, shaidar cewa ta Tae-san ce, sannan ya zuba su a aljihun jaka. A hannunsa suke zama. Tae-san sai dai ya miƙa hannu a ba shi.

A bana doguwar sandar Tae-san ta ƙi shi. In ya buga sau goma, uku sai sun kauce dama. Dokar kuwa ba ta da sauƙi. In ƙwallo ta ɓace, minti uku ake ba mutum ya nema, in bai gani ba ya koma inda ya bugo, a kuma ƙara masa bugu ɗaya na tara. Irin wannan sau biyu a mako ya isa ya mai da mutum gida tun ranar Juma'a, ranar da ake tankaɗe waɗanda ke baya. A ƙarshen shekara kuma mutum saba'in na farko a jerin maki su kaɗai ke riƙe gurbinsu. Sauran sai su koma gasar share fage, su yi ta kokawa da ɗaruruwan mutane a kan 'yan gurabe kaɗan. Tae-san ya taɓa shiga wannan gasa sau biyu, ba ya son ko tuna ta.

To amma duk da kaucewar sandar, tun farkon shekara bai ɓatar da ƙwallo ko ɗaya ba a cikin gasa. Da bai taɓa tsayawa ya yi tunanin wannan ba. Daga ranar wankan nan ne ya fara kallon mahaifinsa.

Abin da ya fara gani shi ne saurin tsohon. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, ga jaka mai nauyi a kafaɗa, amma da zarar ƙwallo ta kauce sai ya yi gaba kamar ana korarsa. Kafin kowa ya iso ya riga ya shige duhuwa. A watan Yuni, a wani fili na cikin duwatsu, Tae-san ya ga ƙwallonsa ta daki itace ta yi cikin kwari. Kafin ya ƙarasa sai ya ji muryar mahaifinsa yana cewa ga ta nan. Ya same ta zaune a kan busassun ganye, a wani ɗan sarari tsakanin itatuwa biyu, ana hango tutar rami tar. Ɗigo uku ja suna nan. Ya buga, ya fita lafiya, ya gama na shida a makon. Bai taɓa kai wannan matsayi ba. A hanyar komawa tsohon har waƙa yake yi a mota, shi kuwa ya jingina kai da gilashi ya yi kamar barci ya ɗauke shi.

A watan Agusta abin ya fi damunsa. Ana yayyafi, ƙwallon ta yi dama, mai lura da gefen fili ya ɗaga tutarsa yana nuna bakin rafi. Kowa ya nufi rafin, mahaifinsa kaɗai ya haura sama, ya same ta taku ashirin daga inda mutumin ya nuna. Mai tutar ya sosa kai ya ce wataƙila dutse ta daka ta yi tsalle. Hakan na faruwa, Tae-san ya sani. Ƙwallon golf tana yin abin da ya fi haka ban mamaki.

Sai ya fara ƙirga ƙwallaye a ɓoye, da safe da kuma bayan an tashi. Bai gane komai ba, domin tsohon yana da al'adar miƙa wa 'yan kallo ƙwallon da ta karce, kuma ba ya faɗa. Wata rana a wurin injin wanki ya juya aljihun wandon ruwan mahaifinsa, wandon da yake sawa ko ana rana. Ya tarar an ɗinke gindin aljihun dama da farin zare, sabon ɗinki. Ya daɗe yana riƙe da shi. Mutum zai iya huda aljihu don abu ya gangara ta ƙafar wando ba wanda ya gani. Haka kuma aljihun duk mai ɗaukar jaka yakan yage da kansa, saboda 'yan tsinkayen da ake ɗora ƙwallo a kai. Ya mai da wandon cikin inji.

Tambaya ce kaɗai za ta raba shi da wannan, ita kuwa ba ta tambayuwa. Mutumin da ko ƙoƙon giya Tae-san ba ya kai wa baki a gabansa sai ya juya kai gefe, ta yaya zai dube shi ya ce, Baba, kana jefa mini ƙwallo? Sau da yawa ya shirya maganar. Sai su zauna cin abinci a tashar hanya, tsohon ya tsame naman da ke cikin miyarsa ya zuba masa a tasa ba tare da ya ɗago ba, maganar ta maƙale. Wani lokaci har kunyar kansa yake ji. Ya ce a ransa Eom ne ya sa masa wannan, mutumin da ya kusa barin wasa yana jin haushin yara. Kwana biyu sai ya ji sanyi. Ranar da ƙwallo ta sake kaucewa, ya ga bayan mahaifinsa yana sauri, komai ya dawo sabo.

Haka suka kai Nuwamba, gasar ƙarshe, a tsibirin Jeju. Tae-san yana na sittin da takwas. Ya tsallake kwana uku cikin iska mai yanka kunne, ranar Lahadi kuma aka haɗa shi da Eom. Masu lissafi sun ce in ya gama zagayen bai yi ɓarna ba, gurbinsa na nan.

Da safen, da mahaifinsa ya miƙa masa ƙwallon farawa, sai ya ce zai zaga. Ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa, ya ciro wani siririn baƙin alƙalami, ya yi ɗigo ɗaya ƙanƙane a cikin ɗan lotsin da ke ƙarƙashin lambar da ke jikin ƙwallon. Idon tsohon ba ya ganin na kusa, ko littafin da yake duba nisan ramuka sai ya sa tabarau. Tae-san ya roƙi abu biyu a zuciyarsa, kada ƙwallon ta kauce yau, in kuma ta kauce, ya sami ɗigonsa.

Rami goma sha uku ya bi da ƙwallon nan guda ba matsala. A na goma sha huɗu iska tana bugowa daga hagu. Tun kafin ya gama juyawa ya ji a tafin hannunsa cewa ta tafi. Ta yi sama, ta karkata dama, ta faɗa cikin doguwar farar ciyawar nan mai kai wa mutum ƙirji. Ya miƙa hannu a ba shi wata ya buga ta ko-ta-kwana, kamar yadda ake yi. Mahaifinsa ya ce ba sai ya buga ba, ya ga daidai inda ta sauka. Ya saɓi jaka ya yi gaba.

Eom ya jero da Tae-san yana murmushi. "Kada ka damu, ƙanena. Ka ga Baba likitan ƙwallo ya riga ya tafi."

Mutum bakwai suka shiga ciyawar, har da alƙalin wasa riƙe da agogo. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Alƙalin ya ce saura daƙiƙa talatin. Sai muryar ta zo daga can gaba.

"Ga ta nan."

Tana wani wuri da ciyawar ta kwanta, inda za a iya juya sanda. Ɗigo uku ja suna sama, kowa na gani. Eom ya leƙa ya ce ai shi ke nan, tasa ce, a buga a wuce, sanyi na kashe shi. Tae-san ya ce yana so ya duba. Ya kafa tsinke a gefenta kamar yadda doka ta ce, ya durƙusa ya ɗauka. Ya juya ta a hankali har ya kai kan lambar. Lotsin fari ne fes. Ya sake juyawa ko ya kuskure wuri. Babu. Abin da ya fi tsaya masa kuma ba wannan ba ne. Ƙwallon da ɗumi take, a cikin wannan iska da ta sandarar da yatsun kowa.

Ba wanda ya san da ɗigo na huɗu sai shi. In ya ajiye ta ya buga, ba mai cewa komai, ramuka huɗu ne suka rage, ya sami shekara guda cur. Bai ɗago ya dubi mahaifinsa ba, takalmansa kawai yake gani, da lakar da ta kama gefensu.

"Ba tawa ba ce," in ji shi.

Alƙalin ya ce ya duba da kyau, ga alamarsa a jiki. Tae-san ya ce wadda yake bugawa tana da ƙarin baƙin ɗigo, wannan ba ta da shi. Alƙalin ya dubi agogo ya ce lokaci ya cika. Sannan ya tambaya, to wannan mai alamarsa daga ina ta fito? Eom ya buɗe baki, ya dubi tsohon, ya rufe.

"Ranar Talata da muke gwaji na ɓatar da ɗaya a ramin nan," in ji Tae-san. "Ita ce."

Alƙalin ya jinjina kai ya rubuta wani abu. Tae-san ya zaro doguwar sandar da hannunsa ya koma tudun da ya bugo shi kaɗai. Bugu bakwai ya yi a ramin da ake yin huɗu. Sauran ramukan ya bi su daidai, amma abin ya riga ya wuce. Da aka liƙa jerin ƙarshe yana na saba'in da uku. Wurin sa hannu a katin maki Eom bai yi wasa ko ɗaya ba. Ya dai dafa kafaɗarsa ya ce in ya shigo Seoul ya neme shi su ci abinci.

Ya sami mahaifinsa a wurin ajiye motoci, ya buɗe bayan mota yana goge sanduna ɗaya bayan ɗaya. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Tae-san ya zauna a gefe yana kwance igiyar takalmi. Sai tsohon ya yi magana, idonsa a kan sandar da ke hannunsa.

"Ta ranar Talata ai hagu ta faɗa."

"Na sani, Baba."

Tsohon ya ci gaba da guga, ko da yake sandar ta riga ta yi haske. Tae-san ya ji maganar da ta yi wata shida a ransa ta fito da kanta, a hankali.

"Sauran da ka yi ta samo mini a bana fa?"

"Wasu naka ne."

Ya jira ko za a faɗa masa waɗanne. Ba a faɗa ba, shi ma bai ƙara tambaya ba. Ya ga ko an faɗa ba zai san ko ya yarda ba.

Can sai tsohon ya ce gasar share fage saura kwana goma sha biyu, gara su kama ɗaki da wuri kafin a cika. Tae-san ya ce zai kama, amma na mutum ɗaya. Ya ce filin yana da nasa masu ɗaukar jaka, zai karɓi duk wanda aka ba shi. Ya ce gwiwar Baba tana bukatar hutu, Mama ma ta daɗe tana faɗa.

Mahaifinsa ya ninke tawul ɗin gida huɗu ya ajiye. Ya ce hakan ma ya yi. Sannan ya zuge aljihun jakar, ya kwaso ƙwallayen da suka rage, guda biyar, ya sa hannu a aljihun wandonsa ya ƙaro ɗaya, ya miƙa wa ɗansa duka.