Lambar Yaya Geng

"Ɗaga ni, ƙanwata, sun iso," in ji Yaya Geng, yana laluben sandarsa.

Shekara talatin muna maƙwabtaka, ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Shekara huɗu ke nan da garmarsa ta fasa wani tsohon bam a gonar masara, irin masu gubar nan da sojojin Japan suka binne lokacin yaƙi. Da ya ga abu mai maiƙo yana tsiyaya, sai ya ɗauka man inji ne, ya tara a kwalba don ya shafa wa kekensa. Tun daga ranar nan ƙirjinsa yake kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Yanzu ga baƙi daga hukumar duniya mai kula da makaman guba sun zo duba ramin da aka tono sauran bama-baman. Shi burinsa ɗaya, su rubuta sunansa, duniya ta san abin da aka yi masa.

Na riƙo shi har bakin igiyar da suka kewaye gonar da ita. Baƙin suna cikin fararen kaya, suna liƙa wa kowane bam lamba.

Ya buɗe rigarsa, ya kira tafinta, wata budurwa mai suna Ran. "'Yata, ce musu ga wani bam ɗin nan, su ba shi lamba."

Ta je ta dawo, kanta a ƙasa. "Kaka, sun ce su yi maka sannu. Takardarsu makamai kawai ta ba su ikon dubawa."

"To ai a ƙirjina abin yake!"

"Sun ce yarjejeniyar da suke aiki da ita ba ta kai nan ba."

"Ashe da a ce ni ƙarfe ne, da na yi gata," ya ce. Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ni kam raina ya ɓaci, na zage su tas, Ran ba ta fassara ba.

Kwana tara ya ƙara a duniya. Ko kunun gero da nake kai masa bai iya haɗiyewa ba. Har yau ina jin zafin abin.

Ranar jana'iza muka ɗora akwatin gawarsa a bayan tarakta. A mahaɗar hanya ɗan sanda ya ɗaga mana hannu, wai za a wuce da bama-baman. Muka koma gefe cikin ciyawa, direba ya kashe inji. Motocin suka riƙa wucewa a hankali, don kada kayan ciki su jijjigu.